Karen da Aka Ce Ba Ya Son Salla

Na zauna gidajen haya da dama a Abuja da kewayenta, wasu ko launin ƙofarsu ba zan iya tunawa ba yanzu. Amma akwai wani gida a Karshi, da wani farin kare da aka taɓa kai ƙararsa gaban mai unguwa bisa zargin ba ya son salla. Wannan kam, ko tsufa ya zo ya share min kai, ina jin shi ne zai rage na ƙarshe.

A lokacin ina tuƙi a wani gida a Maitama. Duk wanda ya san Abuja ya san direba ba ya kwana a unguwar da yake aiki. Maitama wurin wuni ne, in yamma ta yi ka kwashi gajiyarka ka kai ta inda aljihunka ya yarda. Ni aljihuna Karshi ya yarda da ita. Ni da maiɗakina muka kama ciki da falo a gidan wata dattijuwa Bagwariya, Kirista, wadda duk unguwar ke ce wa Mama. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watsu cikin gari neman abinci. Idanunta sun yi yana, ba ta gane fuska sai dai murya, amma tana rarrabe fari da baƙi. Duk da haka ba ta daina zuwa gonar doyarta da ke tsallaken rafi ba, kuma wanda ya ce ta daina ya shirya shan faɗa.

Abin da ke kai ta gonar nan shi ne karen. Babban ɗanta yana aikin ban ruwan fulawa a wani gida a Maitama, sai maigidan ya tashi ya bar ƙasar, ya bar kare ba mai shi, ɗan ya ɗauko ya kawo wa uwarsa. Sunansa na asali na Turanci ne, Mama ta gwada ya ƙi zama a bakinta, ta ce daga yau sunansa Bature. Fari ne tas, sai wani tabo a gadon bayansa, faɗin tafin hannu, inda gashi ba ya fitowa. Mama ta ɗauka ƙazuwa ce, ta yi ta shafa masa man ja ba ta ga canji ba ta haƙura. Kullum da safe zai shiga gaba, ita kuma ta ɗora ƙwaryarta a kafaɗa ta bi farin da take hangowa dishi-dishi. In ta tsaya ya tsaya. A bakin rafi yakan jira har ta sa ƙafa a kan dutsen farko. Ba wanda ya koya masa, zama ne kawai ya haɗa su.

Ni ba mai son kare ba ne, kuma har yau ban zama ba, kada wani ya karanta wannan ya kawo min ɗan kwikwiyo. A gidan da na tashi, in kare ya shinshini kwano to ranar an sami aikin wanki. Tsakanina da Bature gaisuwar nesa ce: ya kaɗa min wutsiya, in ce masa ya matsa can.

Matsalar ita ce inda gidan yake. Ƙofar Mama tana bakin lungun da ya haɗa famfon unguwa da ɗan masallacinmu. Masallacin ba shi da ruwa, don haka kowa sai ya tara a famfo, ya biyo ta ƙofar Mama, ya je gefen masallaci ya yi alwala. Tun safe mutane ke wucewa ta lungun nan, 'yan acaba, masu tura ruwa, mata 'yan kasuwa, Bature na kwance a bakin ƙofa ko kai ba ya ɗagawa. Amma da an kira salla sai ya zama wata halitta daban. Ya miƙe, gashin wuyansa ya tashi, ya yi ta haushi yana fizgar sarƙa har kumfa ta fito masa a baki. Ni kaina ban tsira ba. In na dawo daga aiki ya yi min maraba, in na fito zan tafi magariba ya taso min kamar bai taɓa ganina ba.

An daɗe ana haƙuri ana tsaki. Sai wata ranar Asabar da la'asar sarƙar ta tsinke. Wanda tsautsayin ya faɗa wa kuwa shi ne ladaninmu, tsoho mai sanyin hali wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba sai a lasifika. Ina tsaye na gani da idona, karen bai cije shi ba. Ya dai sha gabansa yana haushi yana ja da baya. Tsohon ya firgita, ya taka gefen kwata ya zame, ya faɗi a kan hannunsa. Wuyan hannun ya karye.

Kafin a gama ɗaura masa kara magana ta zaga unguwa. A teburin mai shayi na ji wani yana rantsuwa cewa koya wa karen aka yi, wai a gidajen Turawa akwai masu horar da karnuka su tsani mai salla. Wani ya ce ai ba sai an je da nisa ba, a duba gidan wa yake kwana. Wani matashi ya ce maganin abin tsire ɗaya ne da ɗan garin maganin ɓera. Wanda bai zauna irin unguwarmu ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A Karshi za ka ga gida ɗaya wa yana zuwa coci ƙane yana zuwa masallaci, ana cin tuwo a kwano ɗaya. Amma kowa ya san ƙaramar magana irin wannan, in aka bar ta ta kwana ta tashi, ba a san inda za ta tsaya ba. Gaskiya na ji tsoro, kuma ba don karen ba.

Mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa, da liman, da dattawa, da Mama da na riƙo wa hannu. Ta zauna a ƙasa ta ba da haƙuri, ta ce duk abin da hannun ladan ya ci a wuyanta yake. Sannan ta ce, da irin Hausarta, "Ranka ya daɗe, kare ba ta san coci ba, ba ta san masallaci ba. Ni ban koya mata komai ba. In ka ɗauke wannan kare, ka haɗa da gona ka ɗauka, don ni ba na ganin hanya, shi ne ina gani."

Mai unguwa mutum ne mai auna magana. Ya ce ba zai bari a kashe dabba da guba a unguwarsa ba, amma kuma azumi na tafe, lungun nan zai cika da tsofaffi da asuba da bayan isha'i, ba zai jira a sake karya wani ba. Ya ce kafin a ga wata, ko dai karen ya daina, ko ya bar unguwar. Kowa ya san ma'anar barin unguwa. Masu sayen karnukan nan da ke yawo da keji a bayan babur tuni suka fara rage gudu in sun zo ƙofarmu.

Shawarar farko da aka ba mu, kowa ya ce ita ce daidai, har da ni. Aka ce ai abin da kake tsoro in ka gan shi ka ƙoshi sai ka saba. Aka sayo sabuwar sarƙa, aka ɗaure Bature a jikin famfon kansa, tun azahar har magariba, ya ga masu salla iya ganinsa. Ya yi haushi har muryarsa ta dushe, ya yi fitsari a tsaye, daga baya ya kwanta yana karkarwa. Mutane suka ce ka gani, ya fara laushi. Washegari ya shige ƙarƙashin gadon Mama ya ƙi fitowa, ya ƙi abinci, ya ƙi gona. Da na fito zan tafi aiki na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta yi shirin gona tsaf, fartanya a gabanta, ƙwarya a gefe, tana kiran sunansa a hankali. Da na dawo da yamma a nan na same ta. Tuwon ranar bai wuce min da daɗi ba.

A gidan da nake aiki akwai wasu manyan karnuka biyu, kuma akwai wani mutum da ke zuwa duk mako yana horar da su. Na sha yi masa dariya a raina, ina cewa duniya ta zo inda kare ke da malamin darasi. Ranar dai na ajiye girman kai na same shi a bayan gareji na zayyana masa komai. Mutumin Binuwai ne, Hausarsa ta barikin Abuja ce, rabi da rabi.

Ya ce, "Oga direba, in yana haushin nan, wutsiya tana sama ko tana tsakanin ƙafa?"

Na yi tunani na ce tsakanin ƙafa.

"Yana zuwa gaba ko yana komawa baya?"

Na ce baya yake ja.

Ya ce, "To wannan ba mugu ba ne, matsoraci ne. Haushin nan roƙo yake, yana cewa abeg, don Allah ku matsa. Wanda ya ce ku ɗaure shi a famfo ya ƙara masa ciwo. Akwai abu ɗaya da yake gani. Ba mutum ba ne, ba addini ba ne, abu ne. Ku nemo shi tukuna."

Ya ce in mun samo abin, mu nuna masa shi daga nesa, nesan da zai gani amma bai kai ga haushi ba. Da ya gani a ba shi abin da ya fi so a duniya, sannan a ɓoye abin. A yi kaɗan a bari tun bai gaji ba. Kada a doke shi, kada a daka masa tsawa, kada a matso sai ya nuna ya yarda. In ya yi haushi to mu ne muka yi gaggawa, mu koma baya. Na ce wannan ai sai a shekara ana yi. Ya ce, "Ka taɓa koya wa mai tsoron titi mota? A babbar hanya kake fara masa?" Nan ya kama ni a inda na sani.

Neman abin ya fi komai ban haushi. Da ƙyar Mama ta lallaso Bature ya dawo tsakar gida, ni kuma na shiga gwaji. Na sa hula na wuce, ya kalle ni ya yi hamma. Na sa jallabiya, na rataya darduma, na ja carbi a gabansa, ko a jikinsa. Na kunna kiran salla a waya, ya ɗaga kunne ɗaya ya mayar. Maiɗakina tana bakin murhu tana kallona ta ce, "Malam, saura ka yi masa huɗuba."

Ranar wata Lahadi da yamma matan zumuntar cocin su Mama suka zo duba ta, sun ji abin da ya faru. Suka cika tsakar gida da zannuwansu iri ɗaya, suna waƙa suna tafi, Bature na kwance a tsakiyarsu kamar shi ma ɗan zumunta ne. Can wata daga cikinsu ta leƙo ta ce wa maiɗakina ta ara mata abin zagayawa. Ita kuwa ta shiga bayan ɗakinmu, inda take alwalarta kullum, ta ɗauko buta ta miƙa mata. Matar ta ratso tsakar gida da buta a hannu.

Kafin ta kai tsakiya Bature ya zabura. Gashin wuya ya tashi, wutsiya ta shige, haushin nan da muka sani ya cika gidan. Matar ta saki buta ta haye turmi tana kiran Yesu. Maiɗakina ta dafa bango tana dariya har da hawaye, ta ce, "Malam, ashe 'yan zumunta ma ba ya so."

Ni ban yi dariya ba, tsayawa na yi ina kallon butar tana gangarawa. Sai a lokacin na tuna ranar Juma'a. Duk unguwar ke ratsa lungun nan zuwa babban masallaci, da manyan riguna da darduma, Bature bai taɓa ko tari ba, saboda ranar kowa daga gida yake fitowa da alwalarsa. Abin yana hannunmu sau biyar a rana, shi ya sa ba wanda ya gan shi. Buta a wurinmu kamar yatsa ce, ba ka lissafa ta cikin abin da ka riƙo.

Na karɓi wayar Mama na kira ɗanta na tambaye shi ko ya san abin da ya haɗa karen da buta. Ya ce akwai wani maigadi a wancan gidan. Lokacin sanyi yakan tafasa ruwa ya zuba a buta kafin ya surka ya yi alwala. Bature yana ɗan kwikwiyo, mai son wasa, ya zo yana lasar masa ƙafa, mutumin ya juye masa ruwan a baya. Bayan nan ma duk sanda ya matso sai ya jefe shi da butar. Ya ce bai faɗa wa Mama ba ne don kada ranta ya ɓaci.

Na dubi tabon nan da aka yi ta shafa wa man ja. Kunya ta kama ni, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ruwan da mutum ya ɗora don ya tsaya gaban Ubangijinsa, da shi ya ƙona bayan dabbar da ta zo wasa. Mu kuma muka zo muka ɗaure ta a famfo, inda butoci suka fi yawa a duk unguwar, muna cewa ta saba.

Da Asabar ta zagayo muka fara. Abin da Bature ya fi so a duniya kan busasshen kifi ne, Mama ta sa aka ciko mata leda a kasuwar Karshi. Sai dai akwai cikas: ita ce za ta ba shi, don ni ba zan sa hannuna a bakin kare ba, ita kuma ba ta ganin lokacin da ya hango butar. Ita ta samo mafita da kanta. Ta zauna a kan kujerarta a ƙofar gida, ta ɗora tafin hannunta a bayansa, daidai kan tabon. Ta ce, "Direba, kai je ka. In ya gani, jikinsa za ta gaya mini." Haka kuwa aka yi. Ina can ƙarshen lungu, in fito da buta daga bayana, sai ta ji naman bayansa ya ɗaure. Ta ce, "Ya gani," ta sa masa kan kifi a baki. In mayar da buta baya. Jikin ya saki. Mu sake.

Ka yi tunanin magidanci da gemunsa, tsaye a ƙarshen lungu yana fito da buta yana ɓoyewa. 'Yan teburin mai shayi sun samu abin yi. Wani ya ce Maitama ta taɓa min kai, wani ya ce in na gama da kare akwai akuyarsa ba ta son tabarma. Ranakun aiki kuwa, da yake ina fita tun duhu, maiɗakina ce ta karɓa. Ita tata dabarar ta fi tawa, don a cikin hijabi take ɓoye butar, ta fara nuna masa bakin kawai, sannan rabi, sannan duka. Matar da ta fi ni gudun kare, sai ga shi ina dawowa tana tare ni da labari: yau sun kai bakin shagon mai caji, yau sun wuce turken wuta.

Ba kullum ake cin nasara ba. Wata rana mun matso sosai, har na fara jin kaina, sai wani bawan Allah ya ɓullo ta bayan Mama da butarsa yana kaɗawa. Bature ya birkice, aikin kwana da kwanaki ya rushe. Da na koma wa mai horon nan ina huci, ya ce, "No wahala, ku koma inda ya yarda ku sake tasowa. Amma in ana ba shi tsoro sau biyar a rana, kuna gini ana rushewa ne. Ku nema masa hutu."

Hutun nan ba ya samuwa sai da jama'a, don haka na je na sami liman. Na ce, "Allah gafarta Malam, na zo da magana mai kama da wasa." Da ya ji batun 'yar zumunta a kan turmi ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Da ya ji batun ruwan zafi dariyar ta ɗauke. Bayan sallar isha'i ya juyo ya yi wa mutane bayani, ya roƙi kowa, zuwa wani ɗan lokaci, in zai wuce ƙofar Mama ya mayar da butarsa hannun da ke nesa da ƙofar, ya saya ta da jikinsa. Wani ya ce yanzu kare ne zai tsara mana yadda za mu je masallaci? Liman ya ce, "Kare bai tsara komai ba. Mai salla ne ya ƙona shi, masu salla za su gyara. In kuma sauya hannu ya fi ƙarfinka, ka zo in riƙe maka."

Daga nan abu ya fara tafiya. Mama ta riƙa shigar da shi ciki in an kusa kiran salla, sai mun shirya a fito da shi. Ya koma cin abinci, ya koma shiga gaba zuwa gona. Wata rana na fito da buta, maimakon ya ɗaure jiki sai na ga ya kalle ta, ya juya ya kalli hannun Mama. Mama ta ce, "Direba, ka fito da shi kuwa? Ban ji komai ba." Na ce na fito da ita, Mama, kifinsa yake jira. Ranar na yi murna kamar an ƙara min albashi.

Ana saura kwana kaɗan azumi mai unguwa ya ce zai zo ya gani da idonsa. Aka taru bayan la'asar, har da masu cewa a sa guba, sun zo ganin yadda za mu ji kunya. Na ɗauko butata zan tafi ƙarshen lungu, sai na ji an riƙe min riga. Ladan ne, bai daɗe da cire karan ɗori ba, hannun ma bai gama miƙewa ba. Ya ce, "Kai ya saba da kai. Ni ya kayar, ni zan ɗauka."

Ba mu taɓa gwadawa da wani baƙo ba, balle shi. Na ce, "Baba, ka yi a hankali, in ya miƙe ka tsaya." Ya ce ya ji.

Ya cika butar a famfo ya taho, ba ɓoyo, a hannun da ke ɓangaren ƙofar. Bature ya hango shi. Na ga hannun Mama ya motsa, ta ce, "Ya gani," ta ba shi kifi. Tsohon ya ci gaba da tahowa. Karen ya miƙe zaune, kunnuwa suka kwanta, ya yi wani ɗan kuka a maƙogwaro. Ladan ya tsaya cak. Bature ya kalli buta, ya kalli buta, ƙafarsa ta baya tana rawa, sannan ya juya ya tura hancinsa cikin tafin Mama.

Na ɗauka tsohon zai wuce abinsa a gama. Sai ya matso, ya rage 'yar tazara, ya tattara rigarsa ya tsuguna a nan gaban ƙofar. Ya karkata buta, ruwa ya zubo. Ƙarar ruwan ta sa karen ya zabura ya yi haushi guda ɗaya, gajere. Mai unguwa ya ce, "Wannan ai sallama ce." Ladan bai ɗaga kai ba. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska, a natse, da karyayyen hannunsa, har ya kai ƙafa. Kafin ya gama Bature ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafar Mama, yana kallonsa.

Ita kuwa duk abin nan ba ta gani ba. Hannunta na kan tabon, fuskarta na fuskantar inda ba kowa. Ta ce, "Direba, me ana ciki? Baba ya taso ne, ko yana can famfo?"

Na ce, "Mama, yana gabanki. Ya ma gama alwala."

Sai ta sa gefen zaninta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ladan ya miƙe ya ce, "Mama, in doya ta yi a tuna da ni." Mai unguwa ya kaɗe rigarsa ya ce shi bai ga karen da zai bar unguwa ba, kowa ya kama gabansa.

Ba zan ce Bature ya warke sarai ba. Har ya mutu, in buta ta faɗi ƙasa ta yi ƙara sai ya shige ɗaki, kuma Mama ba ta daina ajiye kan kifi a ƙullin zaninta ba. Amma bai sake tare kowa ba, kuma ta yi noma da shi damina da dama bayan nan. Doyar farko ta shekarar, a kafaɗa ta ɗauko ta, farin karen na gaba, ta sauke a ƙofar ladan.

Yanzu Mama ta rasu, ladan ma ya rasu, ni kuma na daɗe da tashi daga Karshi. Bara na koma gaisuwar wani maƙwabci, la'asar ta same ni a lungun. Masallacin har yanzu ba ruwa. Na tsaya ina kallon masu tahowa daga famfo, sai na ga duk wanda ya iso ƙofar gidan nan yana mayar da butarsa ɗaya hannun. Babu kare a gidan, masu hayar ma baƙi ne. Na tambayi wani da ban sani ba dalilin da ya sa ya sauya hannu. Ya dubi butar, ya dube ni, ya ce, "Wallahi haka na tarar ana yi."

Ban ba shi labarin ba, an riga an tayar da iƙama. Amma abin da na koya a lungun nan ya bi ni duk inda na je, a kan dabba da kuma a kan mutum. In na ga wani yana tayar da jijiyar wuya yana hargagi, na daina fara tambayar wa ya tsana. Nakan fara tambayar me ya taɓa ƙona shi, sannan in duba hannuna, ko ni ne nake riƙe da abin.